Jagorar Lura da Yanayi da Halittu Daga Bayan Gida a Karkara

Ruwan damina a ƙasar Hausa ba ya sauka bai ɗaya. Sau da yawa hadari yakan zubar da ruwan da ya isa shuka a wani ƙauye, ya bar maƙwabcinsa da ke nesan kilomita biyar da ƙura kawai. Saboda haka hasashen da hukumar kula da yanayi ta NiMet take fitarwa a farkon kowace shekara a Najeriya, ko wanda cibiyar nazarin yanayi da noma ta AGRHYMET da ke Yamai take shiryawa domin ƙasashen Sahel, yana bayyana halin da yanki zai shiga ne, amma ba zai iya faɗa wa mutum abin da ya sauka a gonarsa ta bayan gida ba. Wannan sai mai gonar ya auna da hannunsa, ya rubuta. Aikin ba ya cin kuɗi, kuma ba ya wuce minti goma a rana, sai dai yana da sharaɗi guda wanda idan aka karya shi duk wahalar ta tashi a banza: a riƙa dubawa a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya, ana rubutawa nan take.

Zaɓen wuri da sanin kusurwoyi

Mataki na farko shi ne a nemi fili a bayan gida inda ake ganin sararin sama sosai, musamman ta gabas, domin daga can ne yawancin hadari yake tasowa. A kafa sanda miƙaƙƙiya mai tsawon mita ɗaya a ƙasa mai shimfiɗe, a riƙa sa tsakuwa a ƙarshen inuwarta daga hantsi zuwa azahar. Inda inuwar ta fi gajarta, layin da ya taso daga gindin sandar zuwa wannan tsakuwa shi ne layin kudu da arewa na gaskiya, wanda ya gitta shi kuma shi ne gabas da yamma. An fi samun sauƙin wannan aiki a watan Disamba ko Janairu, lokacin da inuwar tsakar rana take da tsawo kuma take faɗawa arewa. Kada a dogara da alƙibla a nan. Ko da yake a magana mukan kira ta gabas, daga Kano ko Maraɗi alƙibla ta karkata arewa ƙwarai, kuma wanda ya ɗauke ta a matsayin gabas sosai zai riƙa rubuta mahadar iska ba daidai ba shekara da shekaru.

A bar sandar nan a kafe, domin ita ma tana ƙidayar shekara. A Kano da garuruwan da ke daidai da ita ta gabas ko ta yamma, rana takan tsaya daidai tsakar ka sau biyu, wajen ƙarshen Afrilu da kuma bayan tsakiyar Agusta, sai inuwar sandar ta ɓace a gindinta da tsakar rana. Tsakanin waɗannan lokuta biyu inuwar tana faɗawa kudu ne, sauran shekara kuma arewa.

Littafi

A ware littafin rubutu guda, irin na 'yan makaranta mai bango mai ƙarfi, a ɗaura masa fensir, domin tawadar biro takan baje idan takarda ta ji laima. A tsaga kowane shafi gida-gida: kwanan wata, ruwa, iska, zafi, sannan fili mai faɗi domin abin da ido ya gani. A yi amfani da kwanan watan Miladiyya ko da za a haɗa da na Hijira, saboda shekarar Musulunci tana ja baya da kusan kwana 11 duk shekara, don haka wanda ya rubuta cewa an yi shuka a watan Shawwal bai bar wa na bayansa abin kwatantawa ba. Lokacin da ya fi dacewa da dubawa shi ne bayan sallar asuba idan gari ya waye, kuma ranar da ba a yi ruwa ba a rubuta sifiri, kada a bar gurbin fayau. Gurbin da babu komai ba ya nuna ko ba a yi ruwa ba ne, ko mai littafin ne ya tafi kasuwa.

Ma'aunin ruwan sama

Wannan shi ne mafi muhimmanci cikin kayan aikin. A samu gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, wanda faɗin bakinsa daidai yake da faɗin gindinsa, gindin kuma shimfiɗaɗɗe, zurfinsa ya kai santimita 15 ko 20 don kada ruwa mai ƙarfi ya fantsamo waje. Babban gwangwanin madarar gari ko na tumatir ya isa, muddin an cire leɓen da ke cikin bakinsa. Bokiti da kwano ba su dace ba, tun da bakinsu ya fi gindinsu faɗi, sai su nuna ruwa fiye da wanda ya sauka.

A kafa turke mai tsawon kusan mita ɗaya, a ɗaure gwangwanin a kansa da waya yadda bakinsa zai zauna daidai ba a karkace ba, kuma bakin ya ɗara kan turken tsawo. Tsawon nan yana kare shi daga awaki da kaji da kuma ruwan da yake fallatsowa daga ƙasa. Nisansa da kowace bishiya ko katanga ko rumbu ya kai aƙalla ninki biyu na tsawon abin, wato idan darbejiyar gidan ta kai mita shida, a ja baya mita goma sha biyu. Kusa da indararo kuwa ba a ma maganarsa.

Da safe a tsoma rula a tsaye har gindi, a karanta inda ya jiƙe da milimita, a rubuta, a zubar da ruwan, a mayar da gwangwanin. A lura cewa yawancin rulolin makaranta suna da ɗan fili kafin sifiri, sai a yanke shi ko a riƙa ƙara tsawonsa a lissafi. Idan yayyafi aka yi wanda rula ba zai kama ba, sirinji mai tsabta yana taimakawa: a gwangwanin da faɗin bakinsa santimita 10 ne, kowane mililita 8 na ruwa yana daidai da kusan milimita ɗaya. Idan ruwan rana ne, gara a auna da zarar ya ɗauke a ajiye adadin zuwa safe, saboda zafin rana yana shanye wani kaso kafin wayewar gari.

Yana da kyau mutum ya san abin da lambar take nufi. Milimita ɗaya na ruwan sama lita ɗaya ce a kan kowace murabba'in mita, wato lita 10,000 a kan hekta guda. A ƙarshen kowane wata a tara jimla, a ƙarshen damina a tara ta shekara. Don a samu abin kwatantawa, Zariya takan samu wajen milimita 1,000 a shekara, Sakkwato wajen 600 zuwa 700, Maraɗi kuma wajen 500, ko da yake shekara takan bambanta da shekara da tazara mai yawa. Amma jimla ba ita ce komai ba. Damina mai milimita 600 da ta rarrabu daidai ta fi mai 800 wadda ta zubo rabinta cikin mako biyu sannan ta yi fari lokacin da gero yake fitar da kai.

Zafi, iska da hazo

Ma'aunin zafi na bango, wanda ake samu a shagunan magani da na kayan kiwon kaji, a rataye shi a inuwa inda iska take ratsawa, a tsawon ƙirjin mutum, nesa da kwanon rufi da murhu da bangon da rana take duka. Ƙarƙashin rumfar kara ya fi ko'ina dacewa. A karanta sau biyu, da asuba lokacin da sanyi ya fi yawa, da kuma tsakanin azahar da la'asar lokacin da zafi yake kai matuƙa. A Afrilu ba abin mamaki ba ne a ga ya wuce digiri 40 da rana, a Janairu kuma ya sauko ƙasa da 15 da asuba.

Domin iska, tsumma mara nauyi da aka ɗaura a kan doguwar gora ya wadatar. Abin da ake rubutawa shi ne inda iskar ta fito, ba inda ta nufa ba. Domin hazo kuma, a zaɓi abubuwa uku tsayayyu masu nisa daban-daban, misali kukar bakin gari, da ƙarfen sabis na waya, da wani dutse ko tsauni, a riƙa rubuta wanda ake iya hangowa a cikinsu kowace safiya.

Bazara: lokacin da ya fi buƙatar ido

Duk shekara iska biyu ne suke karɓa-karɓa a kan ƙasarmu. Ɗaya busasshiya ce daga arewa maso gabas, ta ratso Sahara, ɗaya kuma mai laima daga kudu maso yamma, ta taso daga tekun Atlantika. Iyakar da suke haɗuwa tana hawa arewa a hankali daga Maris zuwa Agusta, sannan ta koma kudu, kuma damina tana biyo bayan wannan iyaka ne da tazarar ɗaruruwan kilomita. Wannan ne ya sa Kaduna take riga Katsina shuka, Katsina kuma take riga Damagaram. Saboda haka ranar da tsumman kan gora ya juya ya fara nuna iskar kudu maso yamma, ya kuma dawwama a haka kwana da kwanaki, rana ce da ta cancanci a ja mata layi a littafi. Ba a ranar ruwa zai sauka ba, yakan ɗauki makonni, amma ba a samun damina kafin wannan juyi.

Shigowar laima tana bayyana a cikin gida tun kafin a ga girgije. Gishiri yakan fara damƙewa a mazubinsa, ƙofar katako ta fara cijewa, shanya ta daɗe ba ta bushe ba, kaushi da tsagewar leɓe su lafa, ruwan randa ya rage sanyi domin jikin randar ba ya tsanewa da sauri kamar da, dare kuma ya yi gumi har barci ya gagara a ɗaki. A rubuta ranar da aka fara lura da kowanne.

Itatuwa ma suna da nasu tsari, kuma hanyar bin su ita ce a zaɓi bishiyoyi huɗu ko biyar da ake gani daga gida, a riƙa duba su ɗin dai kowace Juma'a, ana rubuta ranar toho, da ta fure, da ta nunar 'ya'ya, da ta zubar ganye. Ɗorawa takan rataye jajayen tutunta tun ƙarshen sanyi, 'ya'yanta su nuna cikin bazara. Kuka takan fara toho kafin ruwan farko, daga baya ta yi farin fure mai buɗewa da daddare wanda jemagu suke ziyarta. Kaɗanya tana nuna a farkon damina. Gawo kuwa ya saɓa wa sauran, yana zubar da ganye idan ruwa ya sauka, ya yi kore shar cikin rani, abin da ya sa hatsi yake yin kyau a ƙarƙashinsa, tun da ba ya tare masa rana kuma ganyensa da kashin dabbobin da suka sha inuwarsa sun zama taki.

Cikin tsuntsaye babu kamar shamuwa. Tana yin ranin ne a gabashi da kudancin Afirka, ta dawo tare da iskar damina ta yi sheƙa a manyan itatuwan cikin gari. A rubuta ranar da aka ga ta farko, da ranar da ta fara ɗaukar kirare. Jan gwada ma launinsa yakan ƙara fitowa a wannan lokaci. Da daddare kuma a duba tarin taurarin da ake kira Kaza da 'Ya'yanta, wato Suraiya a bakin malamai: takan yi ƙasa ta yamma bayan magariba a ƙarshen Afrilu, ta ɓace cikin Mayu, ta sake bayyana ta gabas kafin asuba a watan Yuni. Malaman hisabi suna raba shekara zuwa taurari 28, kowanne kwana 13 ban da Jabha mai 14, jimla 365, kuma tun da lissafi ne na rana, ba ya zamewa kamar watannin Hijira. Idan akwai malamin da ya san shi a gari, a tambaye shi tauraron da ake ciki a rubuta a gefen shafi.

Hadari da ranar shuka

Hadarin farkon damina yakan haɗu ta gabas da la'asar ko da daddare, ya yo yamma da gudun kusan kilomita 50 a awa guda. Kafin ruwan, iska mai sanyi da ƙura takan riga shi isowa, kuma na Mayu sau da yawa iskar ce ta fi ruwan yawa, shi ya sa yake yaye rufin ɗakuna. Ana iya ƙiyasta nisansa ta ƙidaya daƙiƙoƙin da ke tsakanin walƙiya da ƙarar tsawa, kowace daƙiƙa uku kilomita ɗaya ce. Idan tazarar ta gaza daƙiƙa 30, a bar fili a shiga ɗaki, kada kuma a fake a gindin bishiyar da ta tsaya ita kaɗai. Gwangwani zai jira.

Babbar tambaya ita ce ko ruwan da ya sauka na shuka ne ko na yaudara. Masu bincike a cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai sun yi amfani da wata ƙa'ida wadda ta shahara a yankin Sahel: ana ɗaukar damina ta faɗi idan, bayan 1 ga Mayu, an samu aƙalla milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma ba a samu fari na fiye da kwana bakwai ba cikin kwana 30 da suka biyo baya. Rabin farko na ƙa'idar gwangwani zai nuna shi washegari. Rabi na biyu ba wanda ya san shi sai bayan ya wuce, kuma a nan ne sauran alamu suke da amfani. Idan milimita 25 ta sauka alhali iska tana kaiwa da komowa tsakanin arewa da kudu, dare bai yi laima ba, shamuwa ba ta iso ba, to hatsarin asarar iri yana da yawa, kuma hikima ita ce a shuka wani ɓangare na gona a riƙe sauran irin. Idan kuwa iskar kudu ta zauna mako biyu ko uku kafin ruwan, zuciya ta fi kwanciya.

Kafin a ɗauki sungumi a haƙa rami da hannu a wurare biyu ko uku a gonar, a ga inda danshi ya tsaya. Danshin da bai wuce tsawon yatsa ba rana biyu za ta shanye shi. Wanda ya kai taƙi guda ko fiye, har ƙasar ta dunƙule a tafin hannu, shi ne abin nema. A rubuta zurfin kusa da adadin ruwan, domin jigawa da laka ba sa shan ruwa iri ɗaya, kuma bayan shekara biyu mutum zai san milimita nawa ƙasarsa take buƙata. Masu yin binne su rubuta ranar da suka binne irin da ranar da ya tsiro.

Bayan ruwa mai ƙarfi na farko bayan gida yakan cika da abin rubutawa. Shinge yakan fito daga suri da almuru ya taru a fitila, kwaɗi su fara kuka a kududdufi a daren, ƙadandoniya ta bazu a hanya, a kan jigawa kuma a ga wani ɗan ƙwaro ja wur mai laushi kamar karammiski yana tafiya da sassafe, wanda ba a ganinsa sai a 'yan kwanakin nan. Tsidau da tafasa suna cikin ciyayin da suke fara tsirowa. Wannan kuma lokaci ne da macizai da kunamu suke yawo, don haka mai fita duba gwangwani da duhun asuba ya sa takalmi rufaffe ya riƙe tocila.

Marka, kaka da hunturu

Cikin Agusta, lokacin marka, abin lura ya koma yawan ruwa. A rubuta inda yake kwanciya a bayan gida da kwana nawa yake yi kafin ya tsotse, a kuma duba gindin katangar ƙasa. A riƙa leƙa kunnen masara da dawa sau biyu a mako saboda tsutsar nan mai cin tsakiyar ganye, wadda aka fara ba da rahotonta a Afirka a 2016. Ranar da wuta-wuta ta fara fure a gona ita ma a rubuta, a tuge ta kafin ta zubar da iri. Rijiya kuma a riƙa auna ta ranar ɗaya ga kowane wata da igiya mai ƙulli a kowace mita. Za a ga ruwanta ba ya hawa tare da ruwan farko, sai damina ta yi nisa.

Ƙarshen damina yana zuwa da raɓa mai yawa da zafin agazari, sannan tsumma ya koma nuna arewa maso gabas. Ranar ruwan ƙarshe tana da daraja daidai da ta farko, domin tazarar da ke tsakaninsu ita ce tsawon daminar wurin, kuma da ita ake sanin ko irin dawa mai daɗewa zai kai ko sai an koma mai saurin nuna. Shamuwa takan tafi, fara ta baro busasshiyar ciyawa ta shigo gonaki, jan baki ya yi garke a kan hatsi, tsuntsayen Turai kuma su fara isowa, da yawansu suna sauka a dausayin Haɗeja da Nguru.

Hunturu ba ya buƙatar dogon rubutu. A bi sanyin asuba, a bi hazo da alamomin nan uku. Kaso mai yawa na ƙurar yana tasowa ne daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, busasshen gindin tsohon tafki, kuma tana zuwa ne kashi-kashi, kwana uku ko huɗu gari ya rufe sannan ya washe. Mangwaro yana fure, magarya tana nuna, rimi yana fasa audugarsa wajen ƙarshen sanyi.

Gwada alamu da abin da aka auna

Dattawa suna da alamu da yawa: wata ya yi sansani, tururuwa tana kwashe ƙwai zuwa tudu, tsattsewa tana shawagi ƙasa-ƙasa. Ba daidai ba ne a yi watsi da su, ba kuma daidai ba ne a karɓe su duka ba gwaji. Hanyar adalci ita ce duk ranar da aka ga alama a rubuta ta kafin a san sakamako, sannan a duba ko an yi ruwa cikin kwana biyu. Mutane sukan tuna ranar da alama ta yi daidai su mance ranakun da ta saɓa, littafi kuwa yana riƙe duka biyun. A ganina alamomin da suka danganci laima da juyawar iska sun fi abin dogaro, domin su ne sanadin ruwan kansa, su kuwa taurari lokaci kawai suke nunawa, kullum a rana ɗaya suke fitowa ko shekarar ta fari ce ko ta ambaliya.

A ƙarshen kowace shekara a ware shafi guda a jera ranaku shida: juyawar iska, isowar shamuwa, ruwan farko, ranar shukar da ta kama, fari mafi tsawo a tsakiyar damina, da ruwan ƙarshe, tare da jimlar milimita da yawan damman da aka samu. Idan akwai wani mai gwangwani a ƙauyen da ke kusa, a riƙa musayar lambobi ta waya duk mako, a kuma nuna wa malamin gona shafin idan ya zo zagaye. Shekara ɗaya ba ta isa a yanke hukunci ba. Daga ta uku ne tazarar da ke tsakanin juyawar iska da ranar shuka take fara fitowa, kuma da ita za a san lokacin da ya kamata a ce an gama sharar gona, an kai taki, iri yana hannu.